A Buɗe Littafin Waɗanda Aka Ƙi Karɓar Jininsu

Zuwa ga Likita, shugaban asibitin da ba zan faɗi sunansa ba, a nan Zuru.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ni ce Rifkatu, matar marigayi Bitrus, tsohon soja, manomi a Manga. Na rubuto ne saboda ƙaninsa Ishaya, wanda yake raye, kuma ina so ya ci gaba da rayuwa.

Na ɗaya. Shekarun baya maƙwabciyarmu ta zubar da jini wurin haihuwa, Bitrus da Ishaya suka je asibitinku ba da jini. Aka gwada su, aka rubuta sunayensu a littafi, aka ce su tafi, an samu wani. Ko kujera ba a ba su ba, balle bayani. Suka dawo gida suna raha, wai jinin soja ya fi ƙarfin leda.

Na biyu. Bara cikin Bitrus ya kumbura, idonsa ya koma rawaya. Sai a lokacin muka ji sunan ciwon hanta nau'in C, bayan hantar ta riga ta lalace. Mun binne shi ana tsakiyar yankan dawa. Da na koma asibitinku, wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya buɗe tsohon littafin, ga sunayensu a jere, da jan biro, alamar an ga ciwon a jininsu tun ranar. Ya gaya mini a wancan zamani ba sa faɗa wa mutum, don maganin allurai ne na watanni masu wahala, talaka bai isa ba, gara a bar shi da kwanciyar hankalinsa. Ban zage shi ba, amma na yi fushi, har yau ban huce ba.

Na uku. Wancan uzuri ya ƙare. Yanzu ƙwaya ce ake sha kamar wata uku, yawancin mutane su warke sarai. Kun sani, ranka ya daɗe. Littafin kuwa yana nan cikin durowa, mutanen da ke cikinsa suna gona suna ganin lafiyarsu lau.

Ishaya na cikinsu. Na yi masa magana har bakina ya gaji. Ya ce babu inda ke masa ciwo, wai ni baƙin ciki ne ke damuna, kuma da akwai wani abu ai da asibiti sun faɗa masa tun ranar. Shirunku ne hujjarsa.

Don haka ina roƙo ku buɗe littafin nan, ku nemi kowa a asirce, ku sake gwada shi, ku nuna masa inda zai samu magani. Wanda kuka ƙi jininsa gobe kuma, ku zaunar da shi ku gaya masa dalili.

Ba diyya nake nema ba. Takardar kira zuwa gwaji guda ɗaya nake so, mai hatimin asibitinku da sunan Ishaya a kai. Ni ba zai saurare ni ba, ku zai saurara. 'Ya'yansa huɗu, ga nawa uku da suka koma hannunsa.

Allah ya ja kwananka, ya ba ka zuciyar yin wannan tun Ishaya yana iya zuwa da ƙafarsa.

Wassalam.

Rifkatu Bitrus, Manga.