Ɗigo Biyu a Kan Sunan Zoya

Lahadi, 17 ga Maris

Zuwa ga matata Zoya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Lida da jaririyar da kika tafi Tomsk dominta. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shafa maganin safe da yamma kamar yadda likita ya rubuta, ba sai ranar da kika tuna ba. Ni ƙalau nake, in ban da tarin nan. Furanninki na bakin taga suna samun ruwa Talata da Juma'a, ba fashi.

Abin da ke tafe ba na waya ba ne. Raisa maƙwabciyarmu za ta kama aiki gobe a jirgin ƙasa, ita za ta ba ki wannan hannu da hannu.

Ina da tambaya, ki yi haƙuri da yadda za ta fito. Ashe jiya Asabar kin zo garin nan kin jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa, kika koma ba ki ko leƙo gida kin gaishe ni ba? Haka dai littafin masu zaɓe ya nuna.

Da ƙarfe goma na safiyar yau na ɗaura nektai a wuya, na ɗauki fasfo, na nufi makarantarmu, inda na yi shekara talatin da tara ina koyar da harshen Rashanci. Komai na nan yadda kika san shi: kiɗa a lasifika, mata suna sayar da burodi mai kabeji a baranda, ƙasa duk ta jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara. Yarinyar da ke teburin layinmu ta buɗe littafin, ta sa takarda ta rufe sauran sunaye, sai takardar ta zame. Ga sunana, ga naki a ƙasansa. A gaban naki an cika lambar fasfo, an kuma sa hannu: Kiselëva. Da ɗigo biyu a kan harafin e, Zoya.

Shekara arba'in da shida muke jayayya a kan ɗigon nan. Ni na ce in babu su, Kiselëv ya koma Kiselev, wani mutum daban wanda ban sani ba. Ke kika ce ɓarnar tawada ce, ko gwamnati ba ta sa su. Ko a takardar aurenmu ba ki sa ba. Saboda haka wanda ya saci hannunki kuskure ɗaya ya yi: ya rubuta daidai.

Na ce wa yarinyar, "Wannan ba hannun matata ba ne." Ban ɗaga murya ba, amma duk zauren ya ji. Nan da nan sai ga Eduard Borisovich, shugaban makaranta, wanda shi ne kuma shugaban rumfar zaɓen. Ya riƙe mini gwiwar hannu yana murmushi, ya ce, "Haba Rodion Matveyevich, yau ranar farin ciki ce! Zo ofis ka sha shayi, akwai burodi mai zafi." Na ce ban zo shan shayi ba, a ba ni takarda. Na rubuta koke kwafi biyu, na tsaya har aka buga hatimi a kan nawa. Wata 'yar sa-ido da ta zo daga babban birnin jiha ta ɗauki hotonsa. Ƙuri'ata kuwa na jefa. Wanda zai ci kowa ya san shi tun kafin a buga takardun, ba wannan ne ya dame ni ba. Ƙuri'arki taki ce, ko da a shara kika ga dama ki jefa ta.

Ga abin da ban rubuta a koken ba. Duk garin nan ba mai sa ɗigon sai wanda ya zauna a ajina, domin nakan kayar da yaro a jarrabawa a kansu. A cikinsu kuma mutum ɗaya ce take ɗaga na dama ya ɗara na hagu tsawo. Taisiya ce, Tayarki, wadda kike ajiye wa littattafai a ƙarƙashin tebur lokacin da kike kula da laburare, wadda yanzu take riƙe da ajina. Tana zaune a teburin ƙarshe. Har na fita ba ta ɗaga kai ba.

Ki gaida Lida. Ki ƙone wannan bayan kin karanta.

Mijinki,
Rodion Kiselëv

Talata, 26 ga Maris

Zoya ƙaunatacciya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarki da ta yara. Raisa ta dawo ta ba ni saƙonki na baki, wato in riƙa sa hula, in daina tsokano magana. Hular ina sawa.

Koken ya yi tafiyar da ban zata ba. Hoton da 'yar sa-idon ta ɗauka ya kai jiha, daga can aka ce a bincika. Tun daga ranar mutanen benenmu suka rage gaisuwa. Matar hawa na biyu da ta hango ni a matakala sai ta koma ciki, wai ta manta makulli, alhali yana hannunta. Sau uku wayar gida ta yi ƙara, in ɗauka in ji numfashi kawai.

Ranar Alhamis Eduard Borisovich ya tare ni a bakin kantin burodi. Bai kira ni da sunana da na mahaifina ba, yadda ladabi ya tanada. Cewa ya yi, "Tsoho, ka ji daɗi yanzu?" Na ce ina da suna. Ya ce, "To mai suna, bari in yi maka karatu, tunda kai ka saba yi wa mutane. In takardarka ta ci gaba da tafiya, dole a rubuta sunan wani a ƙasanta. Kuma na rantse maka ba nawa ba ne. Ni ko biro ban taɓa ba." Sannan ya tambaye ni lafiyarki, ya faɗi ranar da kika tafi da lambar taragon da kika shiga. Ban taɓa gaya masa ba.

Jiya da rana Taisiya ta zo. Ta tsaya a ƙofa da kwalbar zuma, ta ƙi cire rigar sanyi. Na dafa shayi, ya huce a gabanta. Mace mai shekara arba'in da uku, amma ta zauna a bakin kujera kamar wadda ba ta yi aikin gida ba. Ta ce ranar Asabar da yamma aka kira shugaban daga sama, aka ce adadin waɗanda suka fito bai kai ba. Sai ya kawo jerin waɗanda ba sa gari, matafiya da masu jinya da samarin da ke bakin daga, ya raba wa malamai huɗu. Nata kason ashirin da bakwai ne.

Na ce, "Kuma kika rubuta."

Ta ce, "Na rubuta, Rodion Matveyevich. Mama na kwance shekara uku ke nan, ka sani. In na ce a'a, wa zai ɗauke ni aiki a garin nan? Kantin burodi?"

Na ce, "To ɗigon fa? Kin san Zoya ba ta sa su. Kin ga hannunta a katin laburare sau ɗari."

Sai ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce, "Wallahi na sani. Na ce wa kaina, Taya, kar ki sa. Ina ɗaga biro na ga sun riga sun hau. Kai ka yi mini wannan. Shafi goma ka sa ni na cika a aji biyar, ka manta? Hannuna bai iya barin su ba."

Shekara talatin da tara ina taƙama na koya wa yara rubutu daidai. Na koya musu inda ɗigo yake zama. Ban tuna ranar da na koya musu yadda ake ajiye biro ba.

Yanzu ga inda magana take. An ba wa Gleb Somov binciken, ɗan Somov direban bas, wanda yake zama layin baya a ajina yana cin 'ya'yan kabewa, yanzu kuma jami'in bincike ne. Ya ce abu biyu yake bukata: takarda daga gare ki cewa ba ki yi zaɓe ba, da samfurin sa hannunki. In sun zo, za a gwada da rubutun malaman rumfar, kuma ba a bukatar gwani kafin a gane. Za a kai Taisiya kotu. Ko ba a ɗaure ta ba, wanda kotu ta kama da laifi irin wannan ba ya sake tsayawa gaban aji. Shugaban kuwa zai ci gaba da raba shayi. In ba su zo ba, koken ya mutu, an yi sata an ci lafiya, ni kuma na zama tsohon da idonsa ya yaudare shi.

Na rubuta miki daftarin takardar, yana cikin ambulan nan, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Ban ce ki sa hannu ba, ban ce kar ki sa ba. Kwana biyu ina juya abin, duk inda na juya sai na ga ƙarya a gefe ɗaya, Taya a ɗaya gefen. Sunanki aka sata, ba nawa ba. Ranar takwas ga Afrilu ne wa'adi.

Ki kula da gwiwarki.

Naki har kullum,
Rodion Kiselëv

Talata, 9 ga Afrilu

Zoyata,

Ina gaishe ki, ina gaida Lida da ƙaramar. Na ji daɗin jin cewa ta fara murmushi. Tarina ya yi sauƙi.

Ambulan ɗinki ya iso ranar Asabar. Na wanke hannu, na sa tabarau, na yanka bakinsa da wuƙar takarda. Daftarina ya dawo yadda ya tafi, sai dai da'irar gindin kofin shayi a tsakiyarsa, wadda na san da gangan ce. Sai wata farar takarda, babu gaisuwa, babu bayani, sunanki kawai sau biyar, wani a ƙarƙashin wani. Kowanne da ɗigo biyu. Na dama ya ɗara na hagu tsawo.

Shekara arba'in da shida ina roƙonki ɗigon nan. Na roƙa da lalama, na roƙa da faɗa, na taɓa kawo miki ƙamus har gado. Sai yanzu kika ba ni su, goma cif, don ki kashe mini koke. Na daɗe a zaune a kicin. Da fari haushi na ji, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na ga cewa ke a Tomsk kin hango abin da ni da nake nan na kasa yankewa.

Jiya da ƙarfe sha ɗaya na je wurin Gleb Somov. Ya yi ƙiba, ya fara sanƙo, amma da na shiga sai ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba. Na ajiye masa takardarki. Ya jera ta da hoton littafin, ya duba wannan, ya duba wancan, ya ce, "Ai ga ɗigon nan a nata ma." Na ce ina gani. Ya ce, "Takardar cewa ba ta yi zaɓe ba fa?" Na ce ba ki aiko ba. Ya buɗe baki, na san tambayar da ke zuwa, wato ina kike ranar Asabar ɗin. Da ya yi ta, da na faɗi gaskiya, kin san ni. Sai ya rufe bakin, ya gyara takardun gabansa waɗanda ba su karkace ba.

Ya ce, "Doka ta ce in tambaya, Rodion Matveyevich. Akwai wanda ka sani yana rubuta harafin nan haka?"

Na ce, "Mutum dubu uku da wani abu. Duk wanda ya bi ta ajina. Juyo takardar da kake cikawa in gani."

Ya juyo ta. A layin farko ya rubuta sunana da hannunsa, ga ɗigo biyu zaune a kai. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Sau biyu ka kayar da ni a kansu." Na ce sau uku ne.

Ya rufe fayil ɗin. Dalilin da ya rubuta shi ne, mai koke ya manyanta, kuma ganinsa ya raunana. Ya ba ni na karanta, na gyara masa waƙafi ɗaya, na sa hannu a ƙarƙashin maganar da ni da shi muka san ba haka take ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata. Yanzu a kantin burodi ana ce mini sannu da ƙarfi, a hankali, yadda ake yi wa wanda ya fara ruɗewa. Eduard Borisovich ya ɗaga mini hula daga tsallaken titi. Na ɗauke kai na wuce.

Taisiya tana ajinta. Yau da safe na bi ta bayan makaranta na ji muryarta ta taga, tana yi wa 'yan aji biyar shifta. Raisa ta ce ta kai takardar fita daga aikin rumfar zaɓe, shugaban ya jefa a aljihun tebur, ta sake kai wata. Ban san inda wannan zai kai ta ba, kuma ina jin tsoro.

Ban ce mun yi daidai ba, Zoya. Sauran sunaye ashirin da shida suna nan a littafin, ba wanda ya yi magana a kansu. Abin da na sani kawai shi ne yau akwai malama a ajin.

Ƙanƙara ta narke, furenki ja ya fitar da kai biyu. Ki sanar da ni ranar da za ki taso, in zo tasha. Za ki ga sunana a ƙasa yadda ban taɓa rubuta shi ba. Ba mantuwa ba ce. Ɗigona suna wurinki, ki taho mini da su.

Mijinki mai jiranki,
Rodion Kiselev