Ɗan Ƙwallon da Ya Tsaya Tsakanina da Mijina a Hoton Aure

Gwaggo mai shawara, ki taimake ni don Allah, tun kafin ni da maigidana mu tumɓuke ƙusar bangon falonmu. Na daɗe ina karanta shafinki ina dariyar matsalolin mutane, ina cewa ni dai Allah ya raba ni da kai ƙarar gidana jarida. To yau ga ni da biro a hannu, a bayan kantar kantin maganin da nake aiki, ina rubutu ina leƙen ƙofa kada mai kanti ya shigo.

Matsalata hoton aurenmu ce. Shekara goma sha takwas ke nan, ranar bikinmu a zauren wani otal, mai hoto ya jera mu, ni da ango da mahaifiyata. Sai aka ji ihu a waje, wai wani shahararren ɗan ƙwallo ya sauka a otal ɗin. Ba zan kama sunansa ba, a gidanmu dai Ƙafar Hagu ake ce masa. Gwaggo, angon nan nawa, mutumin da sai da ya yi wata shida kafin ya iya kallon tsakiyar idona, ya bar ni tsaye ya ruga a guje. Can sai ga shi yana janye da mutumin, ya dasa shi a tsakiyarmu, daidai inda ya kamata kafaɗata ta haɗu da ta mijina. Aka ɗauka. Ashe mai hoton ma masoyinsa ne, daga nan hannunsa ya kama rawa, duk sauran hotunan suka fito dishi-dishi. Wannan kaɗai ya fito tas.

Bari in kwatanta miki shi. Ƙafar Hagu na tsakiya yana washe baki kamar shi ne angon. Maigida ya riƙe kafaɗarsa da hannu biyu, yana masa wani irin kallo da ni har yau ban samu irinsa ba. Ni ina can gefe, hannuna ɗaya ma bai shiga ba. Mahaifiyata kuwa, Allah ya jiƙanta, tana ɗaya gefen tana dariya har da riƙe ciki, don ita abin nishaɗi ya ba ta. Ba ni da wani hotonta da take dariya sai wannan. A sauran duk ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura.

Maigida mai gyaran firji ne, mutum mai sanyin hali kamar kayan aikinsa, amma a kan hoton nan ba ya ji ba ya gani. Ya sa aka ƙara masa girma, aka yi masa gilashi, aka rataye a saman talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha labari, har mai karanta mitar wuta bai tsira ba. Daga labarin hoto sai a gangara labarin wata ƙwallo da mutumin ya ci daga tsakiyar fili, kuma ba a ba da wannan labari a zaune. Wata rana garin kwatance ya yi ƙwallo da farantin kofunan shayi, baƙon ya tafi gida da jiƙaƙƙen wando. Yaranmu sun haddace labarin, yana yi suna motsa baki a bayansa. Ni kuma na haƙura, na ce ai kowane miji da irin haukansa, nawa ko sigari ba ya sha.

To wata biyu da suka wuce kotu ta sami mutumin nan da laifin yi wa wata mata fyaɗe, ma'aikaciya ce a ƙungiyar da ya koma horarwa bayan ya daina wasa. An kusa shekara ana shari'a, an kawo shaidu, likita ya yi bayani, aka yanke masa shekaru a gidan yari. Ranar da aka yanke hukuncin maigida ko abinci bai iya ci ba. Wallahi na tausaya masa. Na ɗauka zai yi jimamin kwana biyu ya sauke hoton da kansa. Ina! Sai mai gyaran firji ya koma lauya. Wai sharri ne, wai mahassada ne suka ƙulla, wai matar nan kuɗi take nema, in ba haka ba me ya hana ta magana tun ranar. Babbar hujjarsa kuwa ita ce mutumin da ya yarda ya tsaya hoto da talaka ba zai aikata haka ba. Minti goma ya yi da shi a duniya, Gwaggo, amma ya fi alƙali saninsa.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da safe in ya fita sai in juya hoton ya kalli bango, in ya dawo ya juyo da shi, ba mai ce wa wani uffan. Har ƙusar ta fara girgiɗi. Rannan da abin ya ishe ni, na ɗauko irin takardar da muke manna wa kwalaben magani, mai cewa a ajiye nesa da yara, na manna wa mutumin a goshi. Maigida ya zauna da auduga yana goge gilashin a hankali kamar mai wanke ciwo, ni kuma ina ɗakin girki ina dariya har da hawaye.

Amma yanzu dariyar ta ƙare mini, kuma dalilin rubutuna ke nan. Babbar 'yarmu shekararta goma sha shida, 'yar tsere ce a makarantarsu, Barewa muke ce mata. Babanta ne ya fara gano tana da gudu. Duk Asabar da safe yakan rufe shago ya kai ta filin makaranta, ya tsaya da agogon auna gudu yana ihu har muryarsa ta dishe. Ban taɓa ganin uba da 'ya masu shiri kamarsu ba, har kishi nake yi. Makonni uku da suka wuce muna cin abinci, ya sake ɗauko zancen cewa matar nan ƙarya take yi. Yarinyar ta ajiye cokali, ta tambaye shi a hankali, wai da ita ce ta zo da irin wannan ƙara a kan mutumin da kowa ke so, shi ma zai ce kuɗi take nema? Ya yi dariya ya ce ta daina wannan zance, ita ai 'yar gidan mutunci ce, irin wannan ba ya samun irinta. Sai ta ɗauki farantinta ta tashi.

Tun daga ranar ba ta sake bin sa fili ba, sai ta ce da ƙawayenta za ta. Shi kuma duk Asabar sai ya sa agogon a aljihu ya zauna a falo yana kwance fankar da lafiyarta ƙalau. Da na yi masa magana sai ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Ga shi an zaɓe ta cikin waɗanda za su je sansanin horo na mako biyu a wani gari, saura kwana ashirin su tafi, kuma yawancin masu horarwar maza ne. Ba na zargin kowa. Tsorona shi ne, in wani abu ya same ta, yau ko nan da shekara goma, ta yi shiru, don ta riga ta ji a falon gidansu abin da ake faɗa a kan macen da ta buɗe baki.

Gwaggo, in sa almakashi in yanke mutumin nan ne, ko da rabin mijina zai tafi tare da shi? In hana yarinyar tafiya? Mijina ba mugu ba ne, ko kaza ba ya iya ganin an yanka. Amma na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Taki,
Amaryar Gefen Hoto

*

'Yata Amaryar Gefen Hoto,

Na yi dariya a farkon wasiƙarki har abokiyar aikina ta leƙo, na kuma daina dariya daidai inda kika daina. Ki ajiye almakashin nan tukuna.

Zan fara da ke, tunda ke kika kawo kanki. Faɗa biyu kike yi a lokaci ɗaya. Akwai tsohon haushin amaryar da aka tura gefe ranar bikinta, kuma kina da gaskiya, ni da na sha wannan da tuni hoton ya faɗi da kansa ranar shara. Akwai kuma maganar 'yarki. Duk ranar da kika juya hoto ko kika manna takarda, mijinki yana ganin tsohon faɗan ne kawai, sai ya ƙara kafewa. Ki bar bangon nan ya huta.

Shi kuma ki yi masa adalci kaɗan. Ba fyaɗe yake karewa ba a zuciyarsa, ƙuruciyarsa yake karewa, da labarin da ya fi kowane daɗi a bakinsa. Mutum ya shekara ashirin yana son wani, a wayi gari a ce masa ga abin da ya aikata, dole ya ji kamar shi aka kama. Wannan uzuri ne na baƙin cikinsa, amma ba uzuri ba ne na abin da bakinsa ke faɗa. Kotu ta zauna, ta saurari kowa, ta yanke hukunci. Matar nan mutum ce, tana da iyaye, kuma ta tsaya gaban duniya ta faɗi abin da mata da yawa ke mutuwa da shi a ciki. Iya buga ƙwallo ba shaidar hali ba ce, tsayawa hoto ma haka. Cewar da ya yi wai irin wannan ba ya samun 'yar gidan mutunci ita ce ta fi komai muni, domin abin da yarinya za ta ji shi ne, in ya same ta to ita ce ba ta da mutunci.

Kada ki hana ta tafiya. Ita ba ta yi laifin komai ba, bai kamata ita ce za ta rasa gudunta ba. Ki je makarantar ki tambayi wace malama ce za ta raka su, ina za su kwana, wa za su kai wa ƙara in wani ya takura musu. Wannan haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba. Sannan yau ɗin nan, ba gobe ba, ki zaunar da ita ki gaya mata da bakinki cewa duk abin da ta kawo miki za ki saurara kuma ba za ki ɗora mata laifi ba. Kada ki ce ai ta sani. Yara ba sa sanin abin da ba a faɗa musu ba.

Mijinki kuma ki same shi ku biyu, ba gaban yara ba, ba kuma a falon nan ba. Ki bi shi shagonsa in ya kama. Kada ki ambaci ɗan ƙwallo ko kotu, don in kika buɗe wannan ƙofa lauya zai fito. Ki tambaye shi kawai ko ya lura daga wace rana 'yarsa ta daina bin sa fili, sannan ki maimaita masa tambayarta da amsar da ya ba ta, kalma da kalma, ki yi shiru. Mutumin da ke zama da agogo a aljihu yana jiran 'yarsa ba zai kasa ganewa ba. Ba sai ya yarda a ranar cewa gwaninsa mai laifi ne ba, wannan zai zo a hankali ko kada ya zo. Abin da kike nema shi ne ya daina ƙaryata matar nan a gidanku.

Maganar hoto mai sauƙi ce. Masu hoto na yanzu za su iya fitar miki da mahaifiyarki ita kaɗai, da dariyarta, a yi mata gilashinta. Babban kuwa ki bar shi ya sauke da hannunsa, in ya so ya adana a akwati. Wanda kika sauke da ƙarfi zai koma bango, wanda ya sauke da kansa ba zai koma ba.

Amma kafin yarinyar nan ta hau motar sansani, akwai magana ɗaya da ba za ki iya faɗa a madadinsa ba. Ta yi wa babanta tambaya, kuma har yanzu tana jiran amsa. Ya je ya same ta, ko da murya na rawa, ya ce mata ya yi kuskure, kuma duk wanda ya taɓa ta, ko malami ne, ko ɗan'uwa, ko wanda duniya ke yi wa tafi, ko wanda shi kansa yake so, ta zo ta faɗa masa, ita zai yarda da ita. In ya iya faɗin wannan, ya gama aikinsa na uba a wannan shekara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya jiƙan mahaifiyarki, ya tsare mana yarinyar nan a duk inda ta sa ƙafa.

Gwaggonku