Rabin Awar Hawainiya

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Allah Ya ƙara buɗi. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, shagon ɗinkina kuma yana tafiya daidai gwargwado.

Na samu saƙonka a kan takardar da makaranta ke so ka sa wa hannu, don a ƙara wa 'yarka Hawainiya da ke hannuna rabin awa a jarrabawar fita. Ka ce ba za ka sa ba, wai alfarma ce, kuma an zalunci sauran yara. Likitan da ya gwada ta dai ya ce kanta ras yake, amsar ce kawai take zuwa mata a sannu. Ba kai kaɗai ka ƙi ba. Ɗana Wutar Kara ma ya cika ya batse, ya ce da shi aka ba wannan rabin awar da ya zo na ɗaya a duniya.

Ka san ni ba na yanka yadi sai na auna. Ranar Asabar na kwashe kayan da ke kan teburin yanka, na zaunar da su biyun, na ba su tsohuwar jarrabawar lissafi da na karɓo wurin malaminsu. Awa ɗaya na cika, na ja layi da allin ɗinki a inda kowa ya kai, sannan na ƙara musu rabin awa daidai wa daida. Gogan naka tun tuni ya gama. Ya zana mota a bayan takarda, ya tambaye ni sau uku ko abinci ya nuna, ƙarshe don zaman banza ya goge amsar da ke daidai ya rubuta ta kuskure. Malam ya duba, ya ce makin yaron ya sauko daga saba'in zuwa sittin da takwas. Ita kuwa ta tashi daga arba'in da biyar zuwa saba'in da huɗu. Inna ta yi dariya har da hawaye, Wutar Kara kuma ya ce ya yafe, wannan rabin awar ai horo ce.

Ka ga ke nan lokacin bai ƙara wa kowa ilimi ba, wanda ke da sauran magana ne kawai ya samu ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa, amma fa sai in ba a kulle ƙofar ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin da na bar makaranta kana ƙarami, an ce ba ni da kan karatu, ni ma na yarda. Gaskiyar ita ce ban taɓa kaiwa shafin ƙarshe na jarrabawa ba kafin a karɓe takarda. Ranar Asabar da na ga yarinyar nan ta buɗe nata shafin ƙarshen, sai da na shiga bayan labule na share ido.

Ranar Alhamis za a rufe karɓar takardar. Don Allah ka sa hannu.

Ka gaishe mini da matarka da autanku. Inna da Kawu suna sa maka albarka, Hawainiya ma ta ce a gaishe ka, tana nan tana rubuto tata wasiƙar, sai ka yi haƙurin jira.

Taka har kullum,
Yayarka