Akurkin da Mutum Ɗaya Ba Ya Ɗagawa

Argungu, daren Litinin, 10 ga Oktoba, 1960

Yau kwana arba'in da rasuwar matata Hawwa. Tun ranar ban gusar da akurkin kajin nan ba, ƙasan duk kashi, wari har zaure. Tare muka saƙa shi da kara, a buɗe ta ƙasa, don kowace safiya mu kama mu matsar da shi kan sabuwar ciyawa. Ita ke riƙe gefen gabas, tana kiran kajin suna bin ƙafarta.

Da 'yan addu'a suka watse na ce bari in gwada ni kaɗai. Na ja da ƙarfi, bakin akurkin ya karya ƙafar kazar da ta fi ƙiba. Dole na yanka ta. Na kasa ci, na miƙa wa maƙwabcina Bitrus ta kan katanga.

Ya ce, "Haba Malam, gobe ka kira ni mu ɗaga tare." Na yi masa godiya.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, kafin in ja sai da na ce, "Hawwa, kama." Kuma na tsaya ina jira.