Littattafan Kusurwa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar aiki, ya su Anti da yara?

Yau ba zumunci ya sa na ɗauki biro ba. Ka san ɗakin da maigidana yake haɗa kiɗa, inda na jera littattafaina na soyayya a kusurwa tun daga ƙasa har rufi. Jiya ya zaro wanda na fi so, ya riƙa karanta wa abokansa da muryar mata, suna kwasar dariya, ina tsaye riƙe da tire. Wai kaina ya cika da iska, ban san komai ba sai kukan jaruma. Ni da na ɗauka shi ne jarumin.

Kai ne mai saita sauti a manyan ɗakunan taro. Ka taɓa ce min littattafan nan suna masa aiki. Wane aiki? Yana kan haɗa kiɗan da zai shiga gasa da shi.

Ƙanwarka.

Auta,

Wa alaikis salam. Kowa lafiya.

Bes, wato sautin nan mai kauri na can ƙasa wanda ƙirji ke ji kafin kunne, a kusurwa yake taruwa kamar ruwa a kwari. Tulin takardunki ne ke shanye shi, shi ya sa ɗakin yake faɗa wa mijinki gaskiya. In babu su, ɗakin zai yi ta gurnani, ya ɗauka bes ya yi yawa, ya yi ta ragewa. Na sha gaya masa ya ajiye bes a tsakiya, ya ba ganga wurin numfashi, kuma ya gwada a mota kafin ya saki. Ya ce kunnensa ya ishe shi.

Na san ki, Auta. Kada ki taɓa littattafan nan. Ki yi haƙuri.

Yayanki.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na taɓa su.

Na kwashe su tas zuwa gidan ƙawata. Har albarka ya sa min, wai na yi hankali. Daga kicin nake jin kofuna suna rawa, shi kuma yana tsaki yana murɗa maɓallin bes baya.

Ranar gasa na ci kwalliya na zauna a gaba. Da aka kunna kiɗansa, inda ya kamata ƙasa ta girgiza, sai ka ce ana kaɗa gwangwanin madara. Wani a baya ya ce, "Malam, a gida ka manta gangar?" Abokan nan nasa su suka fara dariya. Na ji sanyi har ƙashina, ko a littafi ban taɓa karanta shafi mai daɗinsa ba.

Yanzu ya ɗora laifin kan lasifikansa, zai rabu da su. Ya ce zai kira ka neman shawara.

Ƙanwarka.

Auta,

Ya kira, muryarsa duk ta mutu. Na ce masa lasifikan lafiyarsu ƙalau, amsar tana cikin gidansa, ya tambayi matarsa da ladabi.

Sauran ya rage naki. A gaida shi, in kin ga dama.

Yayanki.