Jirgi Yana Baro, Sanda Tana Aljihunka

Zuwa ga Ndagi direba, duk inda Allah ya ajiye shi.

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta girma, tare da tambayar jiki, da tambayar iyali da duk masu ɗawainiya da kai. In ka tambaye mu, muna nan Tudun Fulani inda ka bar mu, sai godiyar Allah.

Tun shekarar da aka canza hannu, motoci suka koma dama, ban taɓa neman ka na rasa ba sai bana. A shekarar ce aka kawo ka Minna kana zuba kwal a jirgin Baro, ni kuma ina juya layi a tasha. Kai da ka iya lissafi sai ka lissafa. Ni dai na san a lokacin gashin kanmu baƙi ne wuluk.

Ka san ban yi boko ba. 'Yata Rakiya ce ke rubuta wannan, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana ta koma ta 'yan ofis. Na ce ta sa a waya inda jama'a ke karantawa, tunda lambar da 'yarka Fati ta bar mana ba ta shiga. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya san gidan da kake, ya karanta maka. Saboda su zan maimaita abin da ka fi ni sani, ka yi haƙuri.

Layin Baro ƙwaya ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa duk a kansa suke bi. Abin da ke hana su haɗuwa shi ne ɗan ƙarfen nan da muke kira sanda. Tsakanin tasha da tasha guda ɗaya ce tak. Direba ba ya motsawa sai tana hannunsa, in ya isa kuma ya miƙa wa mai tashar can. Tsohon da ya koya maka tuƙi yakan ce, "Wanda ya shiga layi ba sanda, likkafaninsa ya ɗauko." Ka faɗa mini wannan magana har na gaji da ji.

Ranar farko da na miƙa maka ita, ka leƙo daga kan jirgi fuskarka duk baƙin kwal, ka ji Hausata ka ce, "Au, Bakatsine ne? Ashe bawana aka ba aikin." Na ce Banufe ba ya gane ubangidansa sai kifi ya ƙare. A kan haka muka tsufa.

Da jirgi ya daina zuwa Baro, ciyawa ta rufe layi, mu ma muka ajiye aiki, kai ne ka kasa zama. Kullum kana hawo babur daga Tunga ka zo ka zauna mini gindin mangwaro kana huci kamar tukunyar jirgi. Rannan ka ɗauki tsinke ka ja layi a ƙasa tun daga ƙofar ɗakina har ka ɓace a bayan zogale. Ka dawo ka ce, "In babba ya kwanta, mu ta da ƙarami."

Ka tuna wahalar da muka sha? Siririn rodi daga wajen masu walda na Sauka Kahuta, muka ɗauro a Keke Napep, mai Keke yana ta mita. 'Yan katakan ƙarƙashin layi na maɗaci muka yanka, muka jiƙa su a baƙin mai saboda gara. Tsakuwa da rariyar matata uwar Lawal muka tankaɗe ta, Allah ya jiƙanta, ba ta sani ba sai da ta ga rariyar ta ɓule. Kan jirgin gwangwanin man girki ne, cikinsa injin share gilashin mota da batirin babur. Kai ka kawo dabarar kunna guntun turaren sauro a bututu, don ka ce jirgin da ba ya hayaƙi akwati ne kawai.

Minna a ƙofar ɗakina. Kataeregi wajen zogale. Badeggi a tsakiyar yakuwa, inda ka dasa shinkafa a tsohuwar roba don ka ce Badeggi ba shinkafa zagi ne. Gada a kan kwatar wanke-wanke. Sai Katcha, sai Baro can jikin katangar baya, gindin lemun tsami, inda muka binne daro muka cika shi da ruwa ya zama kogin Kwara.

Kwanar gindin gwanda ce ta kusa raba mu. Duk zuwan da jirgi zai yi sai ya kife a nan. Na ce a sare gwandar, uwar Lawal ta ce in taɓa in gani. Kai ka tsuguna ka daɗe kana kallo, sannan ka cusa yankin gwangwani a ƙarƙashin layin waje, ka ɗaga shi bai fi kaurin tsinken ashana ba. Tun daga nan bai sake faɗuwa ba, ni kuma ban sake hutawa da gorinka ba.

Sai ka ce saura sanda. Ka karya mariƙin tsohon cokali, ka huda shi da ƙusa, huji ɗaya a wannan kai Minna ke nan, biyu a wancan kai Baro, don ni ma in iya karantawa. A taragon farko take tafiya. Wanda jirgi ya iso wa ya cire ta ya sa a aljihu, ba mai sake tayar da jirgi sai shi. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai jirginku ɗaya ne, da wa zai yi karo? Ka ce musu, "Ba don jirgi biyu aka yi doka ba. Don ranar da mutum zai ce yau dai ba komai aka yi ta."

Ndagi, farkon daminar nan ne. Na sallamo maka jirgi daga Minna, ina hango ka a kan kifaffen turminka a Baro. Ka tare shi, ka cire sanda, ka jefa a aljihun gaba na shuɗiyar rigarka. Sai aka kira la'asar. Ka ce, "Bari mu dawo in turo maka ita." Kai kullum mace kake mai da jirgi. Muka shiga masallaci, ka yi sujada, muka ɗago ba ka ɗago tare da mu ba.

Washegari na same ka a asibiti, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, rigar nan tana jikinka. Da ka gan ni ka dinga buga ƙirji da hannun da ya rage maka, kana kallona, kana wani gurnani. Na zaci ciwo ne ya taso. Na fita da gudu na kira ma'aikaciya, aka ce in ba ka wuri ka huta. Da na koma da kunu bayan kwana biyu, wani mutum na tarar a gadon. Aka ce Fati ta tafi da kai kudu inda mijinta ke aiki. Sai da na dawo gida na ga jirgi tsaye a gindin lemun tsami sannan na gane. Ba ƙirji kake bugawa ba. Aljihu kake nuna mini.

Ban ga laifin Fati ba, ubanta ne, ita ke da iko. Lambar ta shiga sau ɗaya, ta ce kana barci. Daga nan shiru. Na je gidan da kake haya a Tunga, wasu baƙi na tarar suna shanya a igiyarka. Na bi 'yan uwanka masu sayar da shinkafa a Sauka Kahuta, wannan ya ce Legas, wancan ya ce Fatakwal. Wani ya faɗi wata magana da ba zan bari Rakiya ta rubuta ba. Na ce masa ƙarya yake, don ba wanda ya zo ya yi mini ta'aziyya, kuma duk garin nan an san ni za a fara yi wa.

Jirgi yana nan inda ka tsayar da shi. Na kifa masa kwano saboda ruwa. Ka san ruwan Minna ba ya wasa, sau da yawa yana cinye ƙasar da ke ƙarƙashin layi a Katcha, ina sake cikewa da ledar siminti da tsakuwa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Shinkafarka ta yi kai, tsuntsaye suka cinye. Ƙadangaru sun mai da Badeggi wurin shan hantsi. Kowace safiya ina share layi tun daga Minna har Baro, in taɓa kan jirgi, in dawo.

Kuma ba ni da abokin musu. Waɗanda muka yi aiki da su duk sun tafi. In na ce wane ne ke tuƙi ranar da saniya ta kwanta a gada, babu mai cewa ƙarya ne, wane ne. Rannan na nemi sunan mai sayar da ƙosai ta tashar Katcha, wadda ke ƙara maka gyara ni ta hana ni, na rasa. Rabin abin da na sani a kanka yake, ka tafi da shi.

To ga abin da ya sa nake wannan kururuwa. Ɗana Lawal zai yi gini a jikin katangar baya. 'Ya'yansa sun girma, maza da mata a ɗaki ɗaya suke kwana, kai ma ka sha yi masa faɗa a kan haka. Ni na ba shi wurin da bakina, na ce ya bari jirgi ya dawo Minna tukuna sai mu naɗe layin Baro. Yaron nan ya yi haƙuri damina guda. Yanzu an sauke bulo, an juye yashi, siminti yana neman daskarewa a zaure. An kafa turaku an ja igiya, turke ɗaya tsakanin Katcha da Baro aka buga shi. Gobe masu haƙa tushen gini za su zo.

Lawal ya durƙusa ya roƙe ni in bari ya ɗauko jirgin da hannu, abin da bai fi tulu nauyi ba. Na ce jirgi ba tsuntsu ba ne. Ya kawo cokali sabo ya ce zai huda mini wata sandar. Na ce sanda biyu a layi ɗaya, gara ya haƙa mini kabari a wurin. Na ji shi yana gaya wa Rakiya cewa kan Baba ya fara taɓuwa. Ban yi fushi ba. Gaskiyarsa ce, yana bukatar ɗakunan. Ga Rakiya nan ma ta tsaya da rubutu tana share ido, na ce ta ci gaba.

Abin da na kasa gaya musu shi zan gaya maka. Muddin sanda tana aljihunka, akwai mai tasha a Baro, ya dai je salla ne bai dawo ba. Ranar da na sa hannu na ɗauke jirgin nan, na yarda ke nan babu kowa a can. Ni kuwa ban yarda ba. Ban iya ba, Ndagi.

Saboda haka ina roƙon ka. In ƙafa tana ɗaukar ka, ka zo, ko a kujera ce a turo ka, ni zan tura. In ba za ka iya ba, ka sa Fati ta lalube aljihun shuɗiyar rigar nan, ta ƙulle abin a leda ta ba direban motar Minna, zan je tasha in zauna har ya iso. Mariƙin cokali ne mai huji uku, kada ta ga kamar shara ce.

In rigar ta ɓata, ka san abin da doka ta ce. In sanda ta salwanta, akan ɗaura wa mutum jan ƙyalle a dantse ya zama shi ne sandar, ya raka jirgi da kansa har ya isa. Amma sai tasha biyu sun yarda. Ni Minna na yarda. Saura Baro. Kalma ɗaya nake nema, ka ce hanya a buɗe take. In harshe ya ƙi, ka ɗaga hannun nan mai lafiya a gaban Fati, ita ta faɗa. Wannan karon zan gane, wallahi zan gane.

In kuwa abin da mutumin nan ya faɗa gaskiya ne, to don Allah wanda ya sani ya gaya mini. Kada a ji tausayina. Tashar da aka rufe ba ta bukatar sanda. A gaya mini in yi maka addu'ar da ta dace da kai, don yanzu ban san wadda zan yi ba, ta masu jinya ko ɗayar. Duka biyun nake yi, ina jin kunyar kowacce.

Ɗan uwana, bawana, ubangidana, duk wanda ka ga dama na ba ka yau. Allah ya sassauta maka, ya kwance harshenka, ya mai da wannan ciwo kankarar zunubi. Allah ya yi wa Fati albarka da mijinta, ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi. Allah ya ba Lawal ɗakunansa, ya yafe mini wahalar da nake ba shi. In da rabon mu sake ganawa a nan, Allah ya gaggauta. In babu, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Gobe in Allah ya kai mu, da na idar da asuba zan share layi kamar kullum. Zan ɗiga wa ƙafafun jirgi mai, in sa batirin da Rakiya ta kai caji, in kunna turare a bututu. Zan ɗaura jan ƙyalle a dantse. Sannan in zauna a kan turminka a Baro, wayar Rakiya a cinyata. Masu haƙa a nan za su same ni. Su fara daga ɗaya kusurwar, ƙasa tana da yawa. Ba zan motsa jirgin ba sai na ji daga gare ka.

Naka,
Sule mai juya layi,
Tudun Fulani, Minna.