Kwallin Wuro Sada

Jalingo,
9 ga Afrilu.

Maigidana Baban Joy,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyin Gembu, yaya shanun mutane da kake bi da allura? Ina fata tarin nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai zafin Jalingo da ka gudu ka bar mu da shi. Joy tana gaishe ka, ta ce in tuna maka alkawarin takalmi. Na gaji da kiran wayarka da ba ta shiga, shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin da kake nemana. Direban motar Gembu zai kawo maka.

Ka sha tambayata aikin da ke hana ni zaman gida, in ce maka duwatsu ne kawai. Yau zan yi maka dalla-dalla, don akwai abin da ke ci mini rai. Aikin na mu uku ne: jami'armu, da ma'aikatar gwamnati, da wani kamfanin ma'adinai. Kamfani ya kawo injin haƙa, gwamnati ta kawo izini da dogon jawabi, mu malaman ilimin duwatsu muka kawo ido. Muna binciken wani farin dutse mai nauyi da masu haƙar man fetur ke saye, a Wuro Sada, ƙauyen da ke bayan garin Mutum Biyu. A jikin farin akwai jijiyoyin wani baƙin dutse mai walƙiya. Kamfani ba ya son baƙin, sai leburori su fasa su jefar da shi bayan rumfar ajiya. Yanzu tsibin ya fi ni tsawo, kuma ka san ni ba gajeruwa ba ce, kome za ka ce.

A ƙauyen akwai wata mata, Cecilia, wadda ke dafa mana abinci tun tana da tsohon ciki. Mace ce mai dariya da dukan jikinta. Ta haifi mace, kuma ka ji abin da ta yi: ta sa mata Caroline. Na yi takwara, Baban Joy. Ranar Lahadi na je baftismar da turmin atamfa da sabulu, ina ta fankama.

Da aka miƙo mini yarinyar sai na ga idanunta sun sha kwalli, baƙi ƙirin, har yana ƙyalli. Na yaba, don gaskiya ta yi kyau. Cecilia ta gaya mini cikin alfahari cewa matan garin sun daina sayen kwalli, Allah ya kawo musu shi kyauta a bayan rumfarmu. Na sake duban idon yarinyar. Baƙin dutsen nan dutsen dalma ne. Kai ma ka tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara.

Na ja ta gefe na roƙe ta ta daina. Ta yi dariya, ta ce kakarta da irinsa ta yi kwalliya har ta tsufa, kuma haƙoranta ba su zube ba. Ban iya musa mata gaba ɗaya ba, kwallin kasuwa ma da yawa daga wannan dutsen yake. Amma kakarta ɗan ƙanƙani take saye a shekara. Su kuwa yanzu dakansa suke yi a turmin gero, suna niƙa shi a dutsen niƙan barkono, suna kai wa kasuwar Mutum Biyu a kwano. Ƙurar tana sauka a kan tabarma, a kan tuwo, a kan yaran da ke rarrafe.

Na ɗebo kwallin, da ƙasar tsakar gidan, da ruwan tafkinsu, na kai ɗakin gwajinmu. Ka sa takwarata a addu'a. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Ka riƙa sa rigar sanyi, kada ka ce kai namiji ne.

Taka har kullum,
Caroline.

Jalingo,
27 ga Mayu.

Baban Joy, abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da kewa. Yaya jiki, yaya aiki, yaya maigidan da kake haya a wurinsa? Zumar da ka aiko ta iso, Joy ta kusa gamawa da ita da yatsa. Na ga shawararka cewa in bi a hankali don kada in rasa aiki. Na gode, amma da ka ga idon yarinyar da ba ka rubuta haka ba.

Sakamakon gwaji ya fito, kuma ya fi abin da nake tsoro muni. Ƙasar tsakar gidan Cecilia ta fi ruwan tafkin ma ɗaukar gubar. Na ɗauka da zarar na nuna shi za a tashi tsaye. Ashe na manta da yarjejeniyar da muka sa wa hannu ana tafi da ɗaukar hoto: babu sakamakon da zai fita sai ɓangarori ukun sun zauna sun amince tare.

To an zauna. Da ka ga zaman da ka yi dariya, ni kuwa kuka ya kusa zo mini. An buɗe da addu'ar Musulmi da ta Kirista, aka gabatar da kowa da dukan muƙamansa, aka ɓata rabin safiya kan tambarin wa zai zo farko a bangon rahoto. Da aka zo kan maganata, babu wanda ya ƙaryata ni. Madam Patricia, daraktar ma'aikata, har ƙwalla ta share, amma ta ce ba za ta sa hannu ba sai ogan nata ya dawo daga Abuja. Injiniya Hambali na kamfani ya ce shi ma uba ne, sai dai lauyoyinsu na Legas za su fara dubawa. Farfesa Zainulabideen, shugabana, ya tuna mini a hankali cewa na'urar da na yi gwajin da ita kamfanin ne ya ba mu, kuma ɗalibanmu na ajin ƙarshe da ita za su kammala. Ba mugaye ba ne, Baban Joy, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Kowa ya yarda, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Na buga tebur, na faɗi abin da ba a faɗa a gaban manya. A ƙarshe aka samo mafita da ba ta bukatar sa hannun kowa: kamfani zai kewaye tsibin da waya, ya sa maigadi, amma ba za a faɗa wa mutanen gari dalili ba sai rahoto ya fito. Na karɓa da hannu biyu. Na ce a raina, ko ba kome dai dakan zai tsaya.

Na koma Wuro Sada bayan ruwan farko. Ruwan ya wanke gindin tsibin ya gangara da shi cikin tafki. Agwagin garin suna ta mutuwa, mutane suna cewa ciwon kaji ne. Kai likitan dabbobi ne, ka gaya mini wane ciwon kaji ne ke kashe agwagi ya bar kaji. Cecilia ta yi mini alkawarin daina sa wa yarinyar kwalli, amma na lura don ganin girmana ta yi, ba don ta yarda ba. Takwarata ta rage dariya. Uwar ta ce yanayin damina ne.

Ka gaishe mini da mutanen cocinku. Barcina ya ragu, kuma gefen gadonka ya yi mini faɗi.

Matarka mai kewarka,
Maman Joy.

Jalingo,
18 ga Yuli.

Obadiya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka yafe mini gajarta gaisuwar, daga bencin asibiti nake rubuto maka. Ni da Joy lafiyarmu ƙalau, kada hankalinka ya tashi a kanmu. Joy tana ƙauyen Kona wurin Mama.

Wayar shingen nan da na yi murna da ita ce ta jawo. Masu awo sun je suka kafa turaku da jan fenti kewaye da tsibin, suka ce waya da maigadi suna tafe, kuma ba su faɗi dalili ba, kamar yadda aka umarce su. Sai ka sa kanka a matsayin mutanen Wuro Sada. Kamfanin da ya yi watanni yana zubar da abu, kwatsam ya zo zai tsare shi da maigadi, kuma ya ƙi cewa me ya sa. Me za ka ɗauka? Magana ta zaga gari cewa masu ilimi sun gano baƙin ya fi farin daraja. Kafin wayar ta iso, maza da mata sun kwashe tsibin kaf, da baro da kwando da amalanken shanu. Da na je, maigadi na tarar zaune a kan kujerar roba yana gadin fili.

Dutsen bai bar garin ba. Yana cikin ɗakuna, ƙarƙashin gadaje, wasu har cikin rumbu tare da masara suka zuba shi, don nan ne ɓarawo ba ya shiga da sauƙi.

Cecilia ta tare ni da murna, ta ja ni ɗakinta ta nuna mini buhunan da ta jera a jikin bango, dab da katifar da yarinyar ke kwana. Har ta dake wasu sun zama gari, wai don ta ji an fi sayen niƙaƙƙe. Ta ce ba za ta taɓa su ba, na takwarata ne, da su za ta yi karatu ta zama malamar jami'a kamar ni. Na matsa kusa da katifar. Yarinyar tana kwance, ta rame, ba ta kama nono sosai, na kaɗa yatsa a gabanta idonta bai bi ba. Uwar ta ce ta yi jijjiga a makon, an ba ta jiƙo.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci na nemi izinin katikis, malamin cocin, na miƙe a gaban jama'a na faɗi kome, ba sa hannun kowa. Na je gidan mai gari na maimaita, liman yana zaune. Na san abin da hakan zai iya jawo mini a jami'a, kuma Farfesa ya riga ya kira ni har ya gaji. Amma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba su yarda ba. Wani dattijo ya tambaya cikin ladabi, in guba ce, me ya sa muka yi shiru tun Afrilu, sai yanzu da dutsen ya shiga hannunsu. A ganinsu kamfani ne ya turo ni in tsorata su su mayar da kaya.

Madam Patricia ta yi waya, ta ce ogan ya dawo, an sa ranar sabon zama a wata mai zuwa.

Cecilia ta yarda mu kawo yarinyar Jalingo, kuma na san don sunan da ke tsakaninmu ne kawai. Likitoci sun ɗebi jini, za a aika gwaji nesa, ba su yi mini alkawarin kome ba. Sauran yaran garin suna can, a ɗakunan da ka ji. Kafin mu shiga mota na roƙi Cecilia a fitar da buhunan ko zuwa bayan gida ne. Ta dube ni da tausayi, kamar ni ce mara lafiyar, ta kulle ɗakin, ta rataya makullin a wuyanta. Yanzu haka tana zaune kusa da ni a bencin nan, hannu ɗaya a kan ƙafar 'yarta, ɗaya a kan makullin.

Ka nemi hutu ka sauko, Obadiya. Mutanen karkara suna jin maganar mai duba musu shanu fiye da tamu, wataƙila kai su saurare ka. Ba zan iya wannan ni kaɗai ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Caroline.